Ƙwayar MDMA da Ƙwaƙwalwa: Yadda Zafin Maradi da Tramol Ke Ninka Haɗarinta

A Maradi, idan aka ce wane yana shan ƙwaya, hankalin mai sauraro kan tramol yake fara tafiya, sannan diyazefam, sannan tabar wiwi da sholisho, domin waɗannan su ne muka daɗe muna ganin ɓarnarsu a tasha da bakin kasuwa da wasu fadodin matasa. MDMA, wadda ake kira ekstasi idan tana ƙwaya, ko moli idan tana gari ko ɓarɓashi mai ƙyalli, ba ta cikin waɗannan tsofaffin baƙi. Amma sunanta ya riga ya iso ta wayar hannu da ta bakin masu zirga-zirga tsakanin nan da Kano da Legas da Kwatano da ƙasashen Turai, kuma ya iso da wani kirari mai yaudara, wai ita ƙwayar masu wayewa ce, mai sanya nishaɗi da son jama'a, wadda ba ta mayar da mutum abin tausayi. Kusan duk abin da aka rubuta kan hanyoyin rage cutarwarta an rubuta shi ne domin mutanen ƙasashe masu sanyi, waɗanda ke da ɗakunan gwajin ƙwaya da motar asibiti mai isowa cikin mintuna. Wanda ya kwashi wannan bayani yadda yake ya kawo shi garin da zafin rana ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, inda kuma tramol ke yawo a aljihun matasa da yawa, ya bar rabin maganar a baya.

Sinadarin tsoho ne. Kamfanin magunguna na Merck ne ya fara haɗa shi a birnin Darmstadt na Jamus a 1912, a kan hanyar neman wani maganin tsayar da jini, kuma ya kwashe shekaru masu yawa ba wanda ya kula da shi. A shekarun 1970 wani masanin kimiyyar sinadarai na Amurka, Alexander Shulgin, ya sake haɗa shi ya bayyana yadda yake aiki a jikin ɗan Adam, daga nan wasu masu kula da lafiyar tunani suka riƙa amfani da shi, kafin ya fantsama zuwa gidajen rawa. Amurka ta haramta shi a 1985, a 1986 kuma aka sanya shi a jeri na farko na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 kan abubuwan da ke juya tunani. A Nijar, dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta 1999 ta hana mallakar irin waɗannan abubuwa da sayar da su da shan su, kuma hukumar OCRTIS ce ke farautar masu fataucinsu. Mafi yawan MDMA da ke yawo a duniya ana dafa ta ne a ɓoyayyun wurare a Holan da Beljiyam.

Domin a gane haɗarin, sai an fara gane abin da take yi a cikin kai. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo da wasu sinadarai, kuma ɗaya daga cikinsu, sirotonin, yana da hannu a yanayin zuciya da barci da cin abinci da daidaita zafin jiki da riƙe abin da aka koya. A ƙa'ida, jijiya tana sakin sirotonin kaɗan-kaɗan, sannan wata ƴar ƙofa da ke jikinta ta mayar da shi ciki domin a sake amfani da shi. MDMA tana shiga ta wannan ƙofa ta juya aikinta, maimakon ta riƙa mayar da sinadarin ciki sai ta riƙa tura shi waje da yawa a lokaci guda. Tana kuma sanya a saki wasu sinadaran saƙon, wato dofamin da noradirenalin, da oksitosin wanda ke ƙara jin kusanci da mutane. Bayan minti 30 zuwa 60 da haɗiye ta mutum zai fara jin nishaɗi da ƙarfi da sakin jiki da kowa, zuciyarsa tana bugawa da sauri, muƙamuƙinsa ya ɗaure yana cizon haƙora, baƙin idonsa ya buɗe, kuma hakan yana ɗaukar awa uku zuwa shida.

Misalin da ya fi kusa da wannan shi ne magidancin da ya fasa rumbunsa ya yi biki da hatsin shekara a dare ɗaya. An ci an ƙoshi, amma gobe ma za a nemi tuwo. Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne MDMA tana gurgunta sinadarin da ke ƙera sabon sirotonin, wato rumbu ya ƙare kuma gona ta tsaya na ɗan lokaci. Wannan ne dalilin da ya sa kwana biyu ko uku bayan sha mutane da yawa suke faɗawa cikin ƙunci da saurin fushi da rashin barci da kasa tattara hankali. Ga wanda yake lafiya lau wannan yakan wuce cikin kwanaki. Ga wanda da ma yake fama da ciwon damuwa ko fargaba, waɗannan kwanaki suna iya zama masu nauyi har su kai shi ga tunanin kashe kansa, kuma mutanen gidansu ba za su alaƙanta abin da daren da ya wuce tun farkon mako ba.

Akwai wani abu game da hanta wanda ya kamata a riƙe, domin yana bayyana mutuwar mutane da yawa. Sinadarin hanta da ke narkar da MDMA, wanda masana ke kira CYP2D6, ita MDMA ɗin da kanta take toshe shi jim kaɗan bayan ta shiga jiki. Saboda haka ƙwaya ta biyu ba ta tarar da hantar da ta farko ta tarar ba, kuma abin da ke taruwa a jini yana wuce lissafin ɗaya da ɗaya biyu. A daidai lokacin kuma rumbun sirotonin ya riga ya yi ƙasa, don haka ƙarin yana kawo nishaɗi kaɗan da guba mai yawa.

Tambayar da ta fi tayar da muhawara ita ce ko MDMA tana lalata ƙwaƙwalwa lalacewa ta dindindin. A dabbobi amsar a fili take. Idan aka ba ɓeraye ko birai adadi mai yawa sau da yawa, rassan jijiyoyin sirotonin suna lalacewa. Wani bincike da aka buga a 1999 ya duba biran da aka ba ƙwayar sau biyu a rana har kwana huɗu, ya tarar cewa bayan shekara bakwai wasu sassan ƙwaƙwalwarsu ba su koma yadda suke ba, ko da yake wasu rassan sun sake toho. A mutane kuwa, hotunan ƙwaƙwalwa na waɗanda suka sha da yawa na tsawon lokaci sun nuna raguwar waɗannan ƙofofi na sirotonin, kuma sun nuna alamar farfaɗowa a wasu sassan bayan an daɗe da dainawa. Gwaje-gwajen tunani sun fi samun rauni a wajen riƙe kalmomi da tuna abin da aka ji ko aka karanta, kuma raunin ya fi bayyana ga masu yawan sha. Abin da ya rikita fagen shi ne yawancin masu shan MDMA suna haɗawa da wiwi da giya da kwana a tsaye, kuma kowanne daga cikin waɗannan yana taɓa tunani. Wani bincike da aka yi a Amurka aka buga a 2011, wanda ya zaɓo masu shan ekstasi da ba su cika taɓa wasu abubuwan maye ba, ya sami bambanci kaɗan ne tsakaninsu da waɗanda ba sa sha.

Akwai ma wani abin kunya da ya faru a wannan fage, wanda masu kare ƙwayar suke yawan kawowa. A 2002 mujallar kimiyya ta Science ta buga binciken wasu masana na Jami'ar Johns Hopkins da ke cewa shan dare ɗaya yana iya lalata jijiyoyin dofamin a birai, har ana tsoron ciwon karkarwa na Fakinsin. A 2003 masanan suka janye binciken da kansu, bayan sun gano cewa kwalbar da suka yi amfani da ita an yi kuskuren laƙaba mata suna, abin da ke ciki wata ƙwayar maye ce daban, wato metamfetamin. Wannan kuskure gaskiya ne, kuma ya koya wa masu faɗakarwa cewa zuzuta haɗari fiye da yadda yake yana sa matasa su daina yarda da sauran maganar. Amma janye bincike ɗaya kan dofamin bai goge tarin binciken da aka yi kan sirotonin ba. Abin da na fahimta daga duka ɓangarorin shi ne illar tana bin yawan abin da aka sha, da kusancin lokutan sha, da zafin jiki a lokacin, kuma tana da muhimmanci musamman ga mai ƙarancin shekaru, tun da ɓangaren gaba na ƙwaƙwalwa, mai auna abu kafin a aikata, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Ɗalibin lise ko na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, wanda dukan jarinsa hadda ce da fahimta, shi ne wanda ƙaramin rauni a wajen riƙe karatu zai fi yi wa tsada.

Wasu za su ce ai sun ji cewa likitoci a waje suna magani da ita. Haka ne, daga 1 ga Yuli 2023 Ostireliya ta ba wasu ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa izinin amfani da ita wajen jinyar waɗanda wani mummunan tashin hankali ya bar wa tabo a zuciya, yayin da hukumar kula da magunguna ta Amurka ta ƙi amincewa da ita a watan Agusta 2024, ta nemi a sake gwaji. A gwaje-gwajen da aka yi kan wannan jinya an tantance marasa lafiya tukuna, an cire masu ciwon zuciya da masu wasu cututtukan taɓin hankali, an ba su sinadari tsantsa da aka auna, miligiram 80 zuwa 120 a farkon zama, sau uku kacal da tazarar kusan wata ɗaya, a ɗakin jinya ana duba bugun zuciyarsu da zafin jikinsu. Duk waɗannan sharuɗɗa an gindaya su ne saboda an san abin yana da haɗari, kuma ko ɗaya daga cikinsu ba ya samuwa a wurin casu.

Yanzu sai maganar zafi, wadda a ganina ita ce ta fi shafar mu. MDMA tana ɗaga zafin jiki ta hanyoyi biyu a lokaci guda: tana sa jiki ya ƙara ƙona makamashi, tana kuma matse ƙananan hanyoyin jini na fata, waɗanda ta cikinsu ne zafi ke fita. Ga shi kuma tana kawar da jin gajiya, don haka mai rawa ba ya jin kiran da jikinsa ke yi masa na ya zauna. Zafin jikin mai lafiya yana wajen digiri 37. Idan ya haura 40, tsoka tana fara narkewa ta zuba dattinta cikin jini, dattin ya toshe ƙoda, hanta ta sami rauni, jini ya rikice yana daskarewa a wani wuri yana tsiyaya a wani, kuma wanda ya kai 42 da wuya ya tashi idan ba a sanyaya shi da gaggawa ba. Wannan ita ce hanyar da ƙwayar ta fi kashe mutane da ita.

Zafin bai tsaya a barazanar mutuwar farat ɗaya ba, yana da hannu a illar ƙwaƙwalwar ma. Wani gwaji da aka yi a Jami'ar Chicago aka buga a 1998 ya ba ɓeraye adadi iri ɗaya a ɗakuna masu zafi daban-daban. Waɗanda ke ɗakunan digiri 20 zuwa 24 ba a ga lalacewar jijiyoyin sirotonin a tare da su ba, waɗanda ke ɗakunan digiri 26 zuwa 30 kuwa an gani, kuma lalacewar tana ƙaruwa da ƙaruwar zafin jikinsu. Ɓera ba mutum ba ne, kuma adadin da aka ba su ya fi na mai sha yawa, amma duk wanda ya taɓa kwana a unguwar Zariya ko Ali Ɗan Sofo a cikin bazara, a ɗaki mai rufin kwano bayan an ɗauke wuta, ya san cewa digiri 30 a irin wannan dare sauƙi ne. Yanayin da masu bincike suka ɗauka a matsayin mafi tsanani shi ne yanayinmu na yau da kullum na watanni da yawa a shekara. Idan aka ƙara cunkoson jama'a, ko zazzaɓin cizon sauro da ya riga ya ɗaga zafin jiki, ko ƙishirwar wanda ya wuni a rana, tazarar da ke tsakanin nishaɗi da suma ta zama ƴar kaɗan. Mai ciwon sikila yana da nasa ƙarin haɗarin, domin bushewar jiki da zafi suna cikin abubuwan da ke tayar masa da ciwo.

Hankali zai ce to a sha ruwa da yawa, kuma a nan ne wani tarkon yake. MDMA tana sa jiki ya saki sinadarin da ke hana ƙoda fitar da fitsari, saboda haka ruwan da aka sha yana zama a jiki ya tsinka gishirin jini, wato sodiyam. Idan gishirin ya yi ƙasa sosai, ruwa yana kutsawa cikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa su kumbura, alhali ƙoƙon kai ba ya buɗewa. Alamun su ne ciwon kai mai tsanani da amai da ruɗewa da barcin da ba a iya tayar da mutum daga gare shi, sannan jijjiga. A 1995 wata budurwa ƴar shekara 18 ta mutu a Ingila ta wannan hanya, bayan ta sha ƙwaya ɗaya ta bi ta da ruwa kusan lita bakwai cikin awa ɗaya da rabi, kuma an lura cewa mata matasa sun fi maza faɗawa wannan matsala. Shawarar da masu aikin rage cutarwa suka tsaya a kai ita ce kada a wuce rabin lita a awa ga mai motsa jiki yana zufa, wato ledar fiya-wata ɗaya, rabin hakan kuma ga wanda ke zaune, a riƙa kurɓa a hankali tare da ɗan abu mai gishiri. A garin da zufa ke zuba ko mutum na zaune, samun wannan daidaito ya fi wuya, domin ƙarancin ruwa yana kisa, yawansa ma yana kisa, kuma mai maye ba shi ne zai iya yin wannan lissafi ba.

Sai tramol. Mutane suna kallonsa a matsayin maganin ciwo ko na ƙarfin aiki kawai, amma tramadol, wato sinadarin da ke cikinsa, yana hana jijiya mayar da sirotonin ciki, yana kuma sauƙaƙa faɗuwar farfaɗiya ko ga wanda bai taɓa yi ba. Likita yana rubuta miligiram 50 ko 100, kuma ba a wuce 400 a wuni, alhali ƙwayoyin da ke shigowa ta ɓarauniyar hanya suna ɗauke da 120 ko 200 ko 225 a guda. Wanda ya haɗa wannan da MDMA ya tara abu biyu da ke cika ƙwaƙwalwa da sirotonin, kuma sakamakon yana iya zama abin da likitoci ke kira gubar sirotonin: karkarwa, sanƙarewar tsoka musamman a ƙafafu, zufa mai yawa, ruɗewa, da zafin jiki mai hauhawa cikin sauri. Ba lallai ne a haɗiye su tare ba, domin ɗan kabu-kabu ko ɗan dako da ya sha tramol da rana yana da saura a jininsa da dare. Haka nan wasu magungunan tari masu sinadarin dekstrometofan, da magungunan ciwon damuwa, musamman tsofaffin nan da ake kira MAOI waɗanda haɗa su da MDMA ya kashe mutane. Maganin ritonabir, wanda ke cikin wasu haɗe-haɗen magungunan cutar Sida, yana toshe hanyar da hanta ke narkar da ƙwayar, kuma mujallar likitoci ta Lancet ta ba da labarin wani mutum a 1998 da ya mutu da adadin MDMA a jininsa wanda ya ninka abin da ake tsammani kusan sau goma. Giya tana ƙara bushewar jiki da nauyi a kan hanta, abubuwan sha masu kafeyin da ake kira na ƙarin kuzari kuma suna ƙara wa zuciya gudu.

Duk wannan bayani ya ɗauka cewa abin da ke cikin ƙwayar MDMA ne, kuma sau da yawa ba haka ba ne. Sayen ekstasi cinikin kifi a ruwa ne, domin launi da tambarin da aka buga a jikinta ba sa nuna komai. A Turai, inda ake auna su, matsakaiciyar ƙwaya a shekarun nan tana ɗauke da kusan miligiram 150, an kuma sami waɗanda suka wuce 300, ma'ana ƙwayoyi biyu masu kama ɗaya suna iya bambanta ninki biyu ko fiye. Wasu kuma metamfetamin ne a ciki, ko kafeyin, ko sababbin sinadaran da ake kira katinon. Mafi muni shi ne PMMA, wanda ke jinkirin fara aiki, sai mai sha ya zaci ƙwayar ba ta da ƙarfi ya ƙara wata, sannan duka su taso masa da zafin jiki mai kisa. A watan Disamba 2014 tsarin gwajin ƙwayoyi na Holan, wanda ke aiki tun 1992, ya gano wata ƙwaya mai tambarin Superman cike da PMMA, aka yi shela a talabijin. Irin wannan ƙwaya ta shiga Ingila inda ba a yi irin wannan shela da wuri ba, ta kashe mutane a kwanakin ƙarshen shekarar da farkon 2015. Akwai ƴan ruwan gwaji da ke canza launi idan aka ɗiga a kan ɓarɓashin ƙwaya, amma iyakarsu su nuna cewa akwai wani abu mai kama da MDMA a ciki, ba sa faɗin yawansa, ba sa kuma tabbatar da cewa babu wani abu tare da shi. Ƙwayar da ta ratso hannaye da iyakoki da yawa kafin ta iso Maradi ta fi kowace samun damar a gurɓata ta.

Kalmar rage cutarwa tana yi wa mutane da yawa nauyi a kunne, kuma na fahimci dalili, domin tana kama da ba da izini. Matsayin addini a kan abin da ke gusar da hankali a bayyane yake, kuma kiyaye hankali yana cikin manyan abubuwan da shari'a ta zo ta tsare, tare da kiyaye rai. Matsayin doka ma a bayyane yake. Hanya ɗaya tak da ke kawar da haɗarin gaba ɗaya ita ce rashin sha, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Amma malaman fiƙihu suna da ƙa'idar cewa idan cuta biyu suka haɗu ba yadda za a kauce musu duka, a ɗauki mafi sauƙi a ture mafi girma. Matashin da ya riga ya haɗiye ƙwaya yana kwance yana karkarwa ya wuce matakin wa'azi a wannan sa'a, abin da yake buƙata shi ne na kusa da shi su san abin yi, domin sai yana raye ne zai iya tuba ya daina. A nan ne nake ganin ilimin rage cutarwa ya fi amfani ga aboki da yaya da uwa da maƙwabci, fiye ma da mai shan.

Ga wanda ya ƙi jin hani, akwai abubuwan da ke rage haɗari ba tare da sun kawar da shi ba. Akwai waɗanda haɗarin ya fi ƙarfinsu ko da sau ɗaya ne: mai hawan jini ko ciwon zuciya, mai farfaɗiya, mai ciwon hanta ko ƙoda, mai sikila, mace mai ciki, mai shan maganin damuwa ko na Sida, wanda ya sha tramol, mai zazzaɓi, da wanda shi ko wani na jininsa ya taɓa samun taɓin hankali. Ga sauran, rashin ƙara ƙwaya a kan ƙwaya ko da ta farko ta yi jinkiri, da rashin haɗawa da komai, da nisantar rana da cunkoso, da yawan zama a huta a wuri mai iska, da kasancewar wani mai cikakken hankali a kusa wanda ya san abin da aka sha, su ne matakan da suka fi tasiri. Masu wannan aiki suna kuma cewa a bar watanni tsakanin sha da sha, domin rumbun nan yana buƙatar lokaci kafin ya cika, kuma wanda ya ga yana buƙatar ƙari kafin ya ji abin da ya saba ji, ko tunaninsa ya fara rauni, ko ƙuncin bayan sha ya fara tsawaita, ya riga ya ga alamar cewa ƙwaƙwalwarsa ba ta gama murmurewa ba. Hawa babur ko tuƙa mota a wannan hali, ko washegari bayan kwana ba barci, wani haɗari ne mai zaman kansa.

Abin da ya fi ba ni tsoro a garinmu shi ne jinkirin da kunya ke jawowa. Idan yaro ya faɗi a cikin abokai, abin da ya fi zuwa musu shi ne su ɓoye shi a ɗaki su jira ya dawo hayyacinsa, ko su ɗura masa madara ko manja ko ruwa, domin tsoron iyaye da ƴan sanda da abin da unguwa za ta ce. Ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa wani abu yana iya tura shi cikin huhu, ruwa mai yawa kuma yana ƙara kumburin ƙwaƙwalwa idan gishirin jini ne ya faɗi. Farasitamol ba ya sauke irin wannan zafi, tun da ba zazzaɓin ƙwayar cuta ba ne, yana ma iya ƙara wa hantar da ta riga ta jigata nauyi. Idan jiki ya yi zafi rau, ko mutum ya ruɗe ba ya gane mutane, ko yana amai ba tsayawa da ciwon kai mai tsanani, ko tsokarsa ta sanƙare, ko ƙirjinsa na ciwo, ko ɓarin jikinsa ya saki, ko ya yi jijjiga, ko an kasa tayar da shi, to sai asibiti nan take, ko a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18. Kafin a isa, a fitar da shi inda iska take, a rage masa tufafi, a jiƙa jikinsa da ruwan randa ana yi masa fifita, a sanya ƙanƙara da aka naɗe a tsumma a hammata da wuya da matsematsi. Idan ya suma yana numfashi, a kwantar da shi a kan gefensa domin kada amai ya shaƙe shi, idan kuma yana jijjiga kada a danne shi, kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki, a dai kawar da abin da zai ji masa rauni.

A asibiti babu wata allura guda da ke karya MDMA. Abin da ma'aikatan lafiya za su yi shi ne su sauke zafin jiki da sauri, su tsayar da jijjiga da sanƙarewar tsoka da allurar diyazefam ko makamanciyarta, su duba gishirin jini da aikin ƙoda da hanta, sannan su zaɓi irin ƙarin ruwan da ya dace, domin wanda jikinsa ya bushe da wanda ruwa ya yi wa yawa buƙatarsu ta saɓa, kuma ruwan da zai ceci ɗaya yana iya cutar da ɗayan. A garin da duk mai zafin jiki da jijjiga za a fara zarginsa da zazzaɓin cizon sauro mai hawa kai ko sanƙarau, likita zai iya ɓata lokaci mai tsada yana bin wata hanya idan waɗanda suka kawo marar lafiya suka rufe bakinsu. Don haka a gaya masa abin da aka sha da lokacin da aka sha, da ko an ƙara, da ko akwai tramol ko giya ko wani magani a ciki, da yawan ruwan da aka sha, kuma idan akwai sauran ƙwayar ko ledarta a tafi da ita a nuna masa.